Yankan Magariba

Ni ce na fara zargin Jali, kuma har gobe ba na jin kunyar faɗa, domin duk mai ido da ya ga abin da na gani sai ya yi zargi. Mu uku ne ƙungiyar Sandal Hilang, wato ɓataccen silifas: Jali a kan ganga, ni Ratri a kan jitar bas, sai Anggit da ke waƙa yana jan tasa jitar. Sunan ma mun samo shi ne ranar da aka ɗauke wa Anggit silifas a ƙofar masallaci, ya zo wurin gwaji ƙafa ba takalmi. Kiɗanmu punk ne, amma irin wanda ake rawa da shi. Ganga ba ta numfashi, bas na gaba, Anggit kuma yana ihu kamar an taka masa yatsa. Ba ma tsayawa tsakanin waƙa da waƙa, in Jali ya ɗaga sanda to sai ƙarshe. A shekarar nan muka fara jin sunanmu a bakin mutanen da ba mu sani ba, daga unguwar Tebet har Blok M a nan Jakarta, kuma a shekarar ce Jali ya canza mana.

Magana ya fara daina amsawa. Ina tsaye gefensa ina ce masa mu rage gudu a waƙa ta uku, shi kuwa yana ta ɗaure farantin ƙarfen da ke jikin gangarsa, ko ɗago kai ba zai yi ba. In na daka masa tsawa sai ya juyo, ya yi murmushi, ya gyaɗa kai. Wannan murmushin ya fi komai ƙona min rai. Jalin da na sani ba ya gyaɗa kai. Ɗan Betawi ne, wato ɗan asalin Jakarta, haifaffen unguwar Manggarai, gardama ce abincinsa, zai iya musu da kai a kan miyar da ke cikin bakinka. Daga nan ya daina ɗaukar waya. Ka kira har ta katse, sai ga saƙo: “Rubuto, ina wani abu.” Kullum yana wani abu. Sai kuma ya dage lallai in bar hagunsa, inda nake tsayawa tun da muka fara, in koma damansa inda zai riƙa ganin ƙafata. Na tambayi dalili, ya ce wai ya fi kyau a hoto. Mutumin da riga ɗaya yake hawa dandamali da ita tun muna makaranta, shi ne yau ya san hoto. Ranar Alhamis kuwa ko rabin gwaji ba ya kaiwa, zai tattara sandunansa ya ce yana da uzuri.

Wata Alhamis bayan ya fice, ni da Anggit muka zauna a rumfar Mpok Ipeh mai abinci muna cin shinkafar kwakwa da soyayyen tempe, wato wainar waken soya. Anggit ya ajiye cokali ya dube ni.

“Ratri, ke ma kin lura, ko ni kaɗai ne mahaukaci?”

“Kai mahaukaci ne tun asali, amma na lura.”

“Ƙungiyar Kucing Beton ce,” ya ce, ya rage murya kamar suna ƙarƙashin teburin. “Wallahi su ne. Mai ganga na dindindin suke nema, kowa ya sani. Yosua da ke buga musu na haya ne kawai, yau yana nan gobe yana can.”

“Jali ba zai sa irin rigunan nan nasu masu ƙyalli ba.”

“Jalin da ne ba zai sa ba. Wannan na yanzu, ko kaza kika ce masa ya zama, gyaɗa kai zai yi.”

Na yi dariya, amma na san ba wasa yake yi ba. Kucing Beton sun girme mu a harkar, suna da manaja, suna da mota, kuma duk ƙaramar ƙungiyar da ta fara tashi a garin nan sai ka ji sun zare mata mutum ɗaya ta watse. Mu kuwa in aka zare Jali ba sauran komai. Ni da Anggit ado ne kawai, shi ne ginin.

Alhamis ta gaba ban tsaya jiran bayani ba. Yana tayar da babur ɗinsa na tare ɗan acaɓa na ce ya bi mai jar hular kwanon nan, kada ya matsa kusa.

“Mijinki ne, Mbak?” ɗan acaɓan ya tambaya, da Mbak ɗin da ake girmama mace da shi, har da murna a muryarsa.

“Ai da miji ne da sauƙi. Mai gangata ne.”

A cunkoson Pancoran ya ɓace mana. Na ce wa ɗan acaɓan ya bar shi, ya kai ni Kemang kawai, ƙofar sutudiyon da Kucing Beton ke gwaji. Na sayi shayi mai ƙanƙara na zauna tsallaken titi ina roƙon Allah ya sa in yi zaman banza. La'asar ta yi sanyi sai ga mai jar hular kwanon ya shigo layin. Na bari ya shige, na tsallaka, na bi bango har ƙofar ɗaki na ƙarshe. Tun kafin in leƙa na gane kiɗan, domin ba wanda ke da wannan bugun kuge a duk Jakarta sai mu. Ta ɗan gilashin ƙofar na ga Yosua zaune kan ganga, Jali tsaye a kansa yana buga masa kafaɗa da tafin hannu, yana nuna masa inda ƙafa take sauka. Yosua ya kuskure, Jali ya sa shi ya sake. Waƙa bayan waƙa, duk namu. Na ce a raina ashe ba tafiya kaɗai zai yi ba, har da kayan ɗakin zai kwashe.

Da na gaya wa Anggit sai da na riƙe masa riga, don ya ce a ranar zai je Manggarai. Na ce ya bari sai mun gama wasan Lahadi a Loteng, saboda wasan nan ba irin na kullum ba ne. Mbak Laras za ta zo, wadda ke zaɓar ƙananan ƙungiyoyin da za su hau babban bikin kiɗa na ƙarshen shekara. In za mu watse, gara mu watse bayan ta gan mu.

Loteng rufin shagon kayan gini ne na Koh Afung, kuma bayansa kaɗan masallacin unguwa yake, hasumiyarsa kusan tsayi ɗaya da dandamalinmu. Ladanin masallacin Haji Mardani ne, mahaifin Jali. Jali ne ya yi ta sintiri tsakanin babansa da Koh Afung har dattawan unguwa suka yarda a riƙa wasa ranar Lahadi da yamma, bisa sharaɗi ɗaya: da ladan ya buɗe baki a kiran magariba, ko tari kada a ji daga rufin nan sai an idar da salla, kuma in an karya sau ɗaya an rufe ke nan. Koh Afung da kansa yake tsayawa gindin makunnin wuta, da ya ji kabbara ta farko sai ya kashe komai. Saboda haka ba mai son a sa shi dab da magariba. Yankan magariba muke ce wa wurin, don ko kana tsakiyar waƙarka mafi daɗi haka za a yanke ka, mutane su watse neman abinci, su dawo su tafa wa wanda ya biyo bayanka. Mu an sa mu bayan salla, Kucing Beton kafin salla. Da muka iso ranar Lahadi sai muka tarar an juya.

“Koh, wane ne ya juya?” Anggit ya tambaya.

“Ni ina ruwana,” in ji Koh Afung yana goge wuya da tawul. “Manajansu ne ya tambayi Jali a gabana, ya ce kun yarda ku yi musanya? Jali ya yi murmushi ya gyaɗa kai. Ni kuma na rubuta.”

Anggit ya dube ni, na dube shi. Na taka har inda Jali ya durƙusa yana gyara takun ganga, na tsaya a bayansa ta hagu, na kira shi da Bang, wato yaya, na ce, “Bang Jali, me suka yi maka alkawari? Rigar ƙyallin, ko har da motar?” Bai motsa ba. Na zungure shi da gwiwa. Ya ɗago ya dube ni, ya yi murmushin nan nasa ya ce, “To, madalla.” Da ina riƙe da jitata a lokacin, ban san abin da zai faru ba.

Ina juyawa Anggit ya ja hannuna ya nuna min shi da haɓa. Jali yana cusa wani ɗan abu rawaya a kunnuwansa, yana ɓoyewa da gashi. Shi da ya sha yi wa masu toshe kunne ba'a, yana cewa su koma gida su saurari rediyon kakarsu.

“Kin gani?” Anggit ya raɗa min. “Na'ura ce. Ta nan suke yi masa magana.”

“Soso ne, sakarai.”

“Soson ma ai su suka ba shi.”

Can gefen dandamali na hango Yosua ya harɗe hannu, idonsa a kan Jali, ba ya ko ƙiftawa. Mbak Laras kuma tana baya kusa da tankin ruwa, fuskarta ba yabo ba fallasa.

Abin haushi shi ne, ba mu taɓa yin wasa kamar na ranar ba. Fushin da ke cikina a kan igiyoyin bas na sauke shi, Anggit yana ihu har jijiyar wuyansa ta fito, Jali kuma yana dukan ganga kamar wanda aka ce masa gobe za a karɓe ta. A waƙoƙin farko ina ganin idonsa a kan ƙafata ta dama, duk inda na taka nan yake sauka. Rana ta yi ja a bayan dogayen gine-gine, rufin yana girgiza, har masu sayar da soye-soye a ƙasa suka ɗaga kai. Da muka shiga sabuwar waƙarmu ta jirgin ƙasan Manggarai, wadda ba mu taɓa bugawa a gaban mutane ba, sai jama'a suka hau dandamali kamar yadda suka saba in abu ya yi musu daɗi. Wani ƙato mai rigar ƙwallo ya shiga tsakanina da Jali, wasu suka biyo shi, har na daina ganinsa sai saman kansa. Ya sunkuya, ya rufe ido, hannayensa suna ta aiki.

Sai Haji Mardani ya yi kabbara. Koh Afung ya kashe wuta. Jitata ta mutu a hannuna, muryar Anggit ta yanke a tsakiyar kalma, ƙafafun mutane suka tsaya cak kamar yadda suka saba kowace Lahadi.

Ganga kuwa ba ruwanta da wuta. Ta ci gaba.

Ban taɓa jin abu mai muni a kunne kamar wannan ba. Muryar tsohon tana fita daga lasifika, a kanta kuma ɗansa yana zuba kuge da faranti da dukkan ƙarfinsa, shi kaɗai, ido a rufe. Aka fara kiran sunansa ƙasa-ƙasa, don ba mai iya ɗaga murya ana kiran salla. Wata mata ta leƙo ta tagar gidan da ke kallonmu, ta kama baki. Koh Afung ya ɗora hannu biyu a ka. Ni kuma ina ture ƙaton nan, abu ɗaya ne a raina: da gangan ne. Ya sa mu a yankan magariba, yanzu zai sa a rufe Loteng da sunanmu a gaban Mbak Laras, gobe ya tafi ba wanda zai ce ya bar ƙungiya mai rai. Ladan ya kai shahada ta biyu kafin Yosua ya tsallake sifika, ya rungumo Jali ta baya ya danne masa hannaye. Jali ya buɗe ido yana haki, da sauran murmushi a fuskarsa. Ya dubi mutane ɗaya bayan ɗaya. Ya dubi hasumiya. Murmushin ya tafi a hankali.

Anggit ya matsa kusa da kunnensa na hagu yana zazzaga masa zagi cikin raɗa, tun daga maci amana har abin da ba zan maimaita ba. Jali bai ko waiwaye shi ba, ya zauna sanduna a cinya. Masu salla suka sauka, mu ma muka sauka muka yi alwala a famfon shagon. Ni dai ban san me na karanta ba.

Da muka dawo sama ba wanda ya je neman abinci. Kowa yana jira, kuma ba a daɗe ba muka ji takun sanda a matakala. Haji Mardani bai taɓa hawa Loteng ba sai ranar. Ya iso yana numfashi da ƙyar, farar hularsa a karkace, ya tsaya gaban ɗansa.

“Rojali,” ya ce, da cikakken sunansa. “Muryar wa ka buga wa ganga a kai?”

Jali ya miƙe tsaye, idonsa a kan bakin tsohon.

“Pak Haji, ba mu da hannu wallahi,” Anggit ya tsoma baki. “Sayar da mu ya yi. Ku tambaye shi inda yake zuwa ranar Alhamis. Ku tambayi wancan da ya riƙe shi, ai abokin cinikinsa ne.”

Yosua bai kula Anggit ba. Ya zagayo ya tsaya daidai gaban Jali, ya taɓa masa kafaɗa, ya buɗe baki sosai yana magana a hankali, kalma ɗaya-ɗaya. “Bang, ka faɗa musu. Ko ni in faɗa.” Yadda ya tsaya da yadda ya yi maganar ne ya sa na fara ganewa. Mu duk watannin nan daga gefe muke yi masa magana.

Jali ya zare soson kunnensa ya riƙe a tafin hannu. “Babeh, ban ji ba.”

“Ba ka ji ba? Lasifikar ga ta nan a kanka, har mutanen tasha suna ji.”

“Na hagu ya tafi tun bayan azumi,” ya ce, da ƙarfi fiye da yadda ake buƙata. “Na dama ma yana bin sa, ƙara ce kawai a ciki dare da rana. Alhamis asibiti nake zuwa. Likita ya ce in ban ajiye ganga ba, wanda ya rage ɗin ma zai tafi. In na fito sai in biya wurin Yosua in koya masa waƙoƙin, don kada in bar su ba kowa.” Ya juyo ya dube ni. “Ƙafarki nake kallo, Ratri. Da suka hau sai na daina ganinta, na ce bari in rufe ido in ƙarasa.”

“To musanyar fa?” in ji Anggit, amma muryarsa ta riga ta karye.

Sai da Yosua ya maimaita masa a gabansa. Jali ya yamutsa fuska. “Wace musanya? Na ɗauka gaishe ni mutumin yake yi.”

Wani ya yi dariya a baya, ya haɗiye ta da sauri. Ni haushi ne ya fara zo min, ba tausayi ba. Haushin wannan taurin kai na mutumin da zai gwammace a ɗauke shi maci amana da a ce masa sannu. Tausayin daga baya ya zo.

Haji Mardani ya matso kusa da ɗansa. “Kullum ina kiran asuba kana barci,” ya ce. “Na ce wa uwarka yaron nan ya fara shaye-shaye, kiɗan nan ya lalata shi. Har aljihun wandonka na sa ta bincika.” Ya ɗaga hannu, muka ɗauka mari ne, sai ya ɗora tafin a kan kunnen hagun, ya bar shi a nan. Sannan ya juya ga Koh Afung ya ce zai yi wa dattawa bayani da bakinsa, ba ya yi masa alkawari, amma zai faɗa musu abin da ya gani. Ya kama ƙarfen matakala ya sauka a hankali.

Kucing Beton suka hau suna jona wayoyinsu. Mbak Laras ta tare Anggit tana cewa ta ji daɗin wasan, tana tambayar wa zai buga mana ganga a bikin. Ban tsaya jin amsarsa ba, domin na hango Jali ya rataya jakar farantansa ya nufi matakala.

“Jali!” na kira. “Bang Jali, tsaya mana, ɗan rainin hankali!”

Bai juyo ba. Na sake buɗe baki zan ƙwala masa kira, sai na tuna. Na ruga na matse ta gefensa a ƙunƙuntar matakalar, na sauka taki biyu ƙasa da shi, na juyo na tare hanya inda hasken kwan fitila ke dukan fuskata.

“Ba inda za ka,” na ce, ina buɗe baki yadda na ga Yosua ya yi. “Za mu sa fitila. Zan tsaya a kan gangar taka in ta kama. Za ka ga ƙafata har ka gaji.”

Ya karanta bakina har ƙarshe. Wannan karon bai yi murmushi ba, bai kuma gyaɗa kai ba. Girgiza shi ya yi, irin ta Jalin da na sani. Ya zaro sandunansa daga aljihun baya, ya kama hannuna ya danƙa min su, har da ɗumin jikinsa.

“Ki ba Yosua. Ya iya duka, yana da ɗan gaggawa a waƙa ta uku, ki riƙa harararsa.” Ya gyara jakarsa a kafaɗa. “Ta jirgin Manggarai ce kaɗai ban koya masa ba. Ita na so in buga da kaina, ko sau ɗaya.” Sannan ya tambaye ni da ƙarfi, yadda har na saman matakala suka ji: “Ta yi daɗi?”

A sama Kucing Beton sun fara. Na gyaɗa masa kai, na matsa gefe ya wuce.